Dalilin da Ya Sa Tunkiya Ba Ta Kukan Ciwo

Dalilin da ya sa tunkiya ba ta kuka idan ciwo ya kama ta, shi zan gaya muku yau, tunda kun hana ni sakat da tambaya. Ku da kanku kun lura. Akuya, ko kunnenta aka riƙe, sai unguwa ta ɗauka ana fiɗe ta da rai. Kaza ma haka take. Ku kuwa ba a magana, ƙaya ɗaya za ta soki ɗayanku a jiyo shi daga bakin kasuwa. Amma tunkiya za ta yi kukan yunwa, ta yi kukan neman ɗanta, in ciwo ya zo kuwa sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Wasu suna cewa wauta ce. Ba wauta ba ce, kuma ba na son jin ana faɗin haka a gabana. Ku gyara zama.

A zamanin da nake ba ku labari, babu dabbar gida da ta kai tunkiya raki. Tana da wani kuka da ta keɓe don ciwo kaɗai, dogo, siriri, mai shiga har cikin ƙashi kamar na jariri. Dabbobi a lokacin suna jin maganar mutane sarai, mutane ne ba sa jin tasu, kuma daga nan kuskuren ya taso. Idan tunkiya ta yi wannan kukan, cewa take yi a zo a taimake ta. Mutane kuwa sun gada daga iyayensu cewa dabbar da ta yi irin wannan kuka ta gaji da duniya, wuƙa take roƙo. Ga kuma tsoron kada ta mutu ba a yanka ba, ta zama mushe, a ja ta a yar a bayan gari. Don haka da an ji kukan, sai maigida ya tashi ya wasa wuƙa, yana ganin jinƙai ya yi.

A wani ƙauye da ke gefen fadama akwai wani manomi ana ce masa Nomau, da matarsa Ladingo. Nomau ba mugu ba ne, ku riƙe wannan tun yanzu. Taushin zuciya ne ma ya yi masa yawa, har ba ya iya tsayawa inda wanzami yake yi wa jariri aski. Ladingo tana da tunkiya guda ɗaya, fara sol, sai baƙi da ya zagaye idanunta, shi ya sa take kiranta Mai Kwalli. Mai Kwalli ta haihu sau biyu kafin nan ba ta ga girman ko ɗaya ba. Na fari gudawa ta kashe shi. Na biyu jaki ne ya taka shi da safe, ya yi kuka, kafin azahar yana cikin tukunya. Don haka da ta haifi na uku, ɗan rago mai dogayen ƙafafu, ba ta barin ya yi nisa da ita ko da taku goma.

To amma ɗan rago ɗan rago ne, ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ranar da ya cika kwana goma sha biyu, da hantsi, lokacin kaka ana yankan dawa, Ladingo ta gama daka ta wanke turmi ta kwantar da shi a gefe don ya sha iska. Ɗan ragon ya gan shi, ya ja da baya, ya zaburo ya haye. Turmi ya mirgina. Ya zame ya faɗi, turmin ya bi ta kan ƙafarsa ta gaba. Mai Kwalli tana bakin turke ta ji ƙarar, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Tun kafin ta juyo ta san abin da ya faru.

Ɗan ragon ya ƙwalla wannan kukan. Ita ma ba ta san lokacin da nata ya kuɓuce ba. Ta fizge igiya ta isa wurinsa, ta tarar da ƙafar tana reto daga ƙasan gwiwa. Nomau da ke zaure yana shirin tafiya gona ya shigo da gudu. Ya duba, ya yi salati, ya girgiza kai. Ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa, ya tsuguna a bakin dutsen da ke ƙofar madafa ya fara wasawa. Mai Kwalli ta san wannan ƙarar, don ta taɓa jin ta. Ta tsaya a kan ɗanta.

Ladingo ce ta sha gabansa. Ita 'yar maɗori ce. Mahaifinta Barmo har daga garuruwa masu nisa ake kawo masa masu karaya, sai dai a gidansu 'ya'ya maza ake koya wa ɗori, mata ba a ba su. Ba a koya mata ba, amma ba a rufe mata ido ba.

Ta ce, “Maigida, dakata.”

Ya ce, “In dakata in yi me? Ba ki ji yana roƙo ba?”

“Ni dai ƙafa na ga ta karye, ban ga wuya ya karye ba. Bar ni in ɗora shi.”

Nomau ya ɗago ya dube ta. “Ɗori? A yi wa dabba ɗori? Ladingo, a ina kika taɓa ji? Mutum ne ake ce wa kwanta ya kwanta. Wannan wa zai gaya masa?”

“Uwarsa za ta gaya masa,” in ji Ladingo. Ita da wasa ta faɗa, don ta samu ya ajiye wuƙar. Ba ta san cewa Mai Kwalli ta ji, ta kuma ɗauka da gaske ba. Ta ci gaba, “Ƙashin ƙarami ba ya daɗewa. Na sha jin Baba yana faɗa, kwana ashirin da ɗaya ya haɗe. Don girman Allah ka bar ni in gwada. Tunkiyar nan sau nawa za ta haihu mu cinye?”

Wannan maganar ta taɓa shi. Ya ajiye wuƙar a kan dutsen, amma bai mayar da ita ɗaki ba.

Ladingo ta zaro busasshen karan dawa daga danga, ta tsaga shi sala-sala, ta yanka daidai tsawon ƙwaurin ɗan ragon, ta kankare bakin kowane don kada ya soke shi. Ta jera su ta saƙa da zare kamar ɗan ƙaramin asabari. Ta ɗauko man shanu da auduga da wani tsohon zane da ta yayyaga. Sannan ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da ɗan ragon a cinyarta, ta yi bismilla. Ta kama gwiwar da hannu ɗaya, kofaton da ɗaya, ta ja a hankali, tana lalube da babban yatsa har bakin ƙashi ya sami ɗan uwansa.

Kukan da ɗan ragon ya yi a wannan lokacin, har kajin gidan sai da suka watse. Nomau ya juya fuskarsa ga katanga, gumi yana zubo masa. Sau biyu yana kai hannu wajen wuƙar yana janyewa. Ladingo ba ta ko dube shi ba. Ta shafa man shanu, ta naɗa auduga, ta zagaya karan, ta ɗaure da tsumma sama da ƙasa da tsakiya. Ta zura ɗan yatsanta ƙarƙashin ɗaurin ta ji ya shiga, don ta san ɗaurin da ya matse ya fi karayar illa, yana kashe ƙafa. Da ta gama ta ce alhamdu lillahi.

Nomau ya share fuska da hularsa. Ya ce, “Na ba ki kwana ashirin da ɗayan da kika ce. Kukan yau na yafe, don ke kika sa shi. Amma daga yanzu, in na sake jin wannan kukan a gidan nan, ko sau ɗaya ne, ba zan sake shawara da ke ba. Ba zan zauna ina cin tuwo dabba tana roƙona ina toshe kunne ba. Allah zai tambaye ni.”

Ta ce, “Na yarda.”

Ita ta yarda, amma ba ita za ta cika alkawarin ba.

Tsakanin rumbu da katanga akwai wani ɗan lungu. Nan Ladingo ta share, ta shimfiɗa ƙaiƙayi, ta kwantar da ɗan ragon a jikin katanga, ƙafar da aka ɗora tana sama. Ta kare bakin lungun da guntun zana, ta saki uwar a ciki, ta tafi kai wa masu yankan dawa abinci. Gida ya yi tsit. Ɗan ragon yana numfashi sama-sama, ya buɗe baki zai sake yi, Mai Kwalli ta kai hancinta ta danne bakin.

Ta ce, “Ɗana, ka ji abin da maigida ya ce?”

“Na ji, Inna. Amma da zafi.”

“Na sani.”

“To in ban yi kuka ba, yaya za su san da zafi?”

Tambayar ta yi wa Mai Kwalli nauyi. Duk tumakin duniya kafin ita da kuka suke neman taimako. Can ta ce, “Ba sa jin abin da muke faɗa. Kai kana cewa a taimake ka, su suna jin a yanka ka. Yayanka haka ya tafi. Saurara da kyau. Idan zafin ya taso, ka sunkuyar da kai, ka haɗa haƙoranka na ciki, ka tauna su kamar kana tuƙa. Ka bar kukan ya tsaya a nan, kada ya wuce maƙogwaro. Ga yadda ake yi.” Ta haɗa nata ta gurza, gurus, gurus. Ita ma a ranar ta fara koyo.

Ɗan ragon ya gwada. Hawaye ya zubo masa, amma sauti bai fita ba.

“Har yaushe, Inna?”

“Sai na ce maka yanzu. Ranar da na ce yanzu, ka yi kukanka har ka gaji, ni ma in taya ka. Kafin nan ko me ya same ka, ko me ka gani, kada ka yi.”

“To, Inna.”

Kwana ukun farko su ne masu wuya. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Mai Kwalli ba ta fita kiwo, sai abin da Ladingo ta zuba mata na harawa da dusa. Duk safiya Ladingo takan zo ta tsuguna ta taɓa kofaton, in ta ji da ɗumi ta ce madalla, jini yana zuwa. Nomau kuma kafin ya fita yakan tsaya daga nesa ya kasa kunne. Ba ya jin komai sai wata 'yar ƙara ƙasa-ƙasa, ya ɗauka ɓera ne a gindin rumbu.

Sai dai akwai abin da babu wanda ya lura da shi. Ɗan ragon a kwance yake shan nono, uwar ta tsaya a kansa ta ranƙwafa. Yadda aka kwantar da shi, nono ɗaya kaɗai bakinsa yake kaiwa. Ranar farko ta so ta juya ta ba shi ɗayan, ƙafarta ta baya ta taɓa karan ɗorin, ta ji kukan ya taho masa har baki kafin ya danne. Daga nan ba ta sake gwadawa ba. Gefe ɗaya na hantsarta yana ta shan tsotso, ɗaya gefen yana ta cika ba mai ragewa. Ya cika, ya yi tauri, ya ɗauki zafi. Kafin kwana bakwai ya zama kamar an ɗaura mata dutsen da aka ciro daga murhu.

Maganin wannan ba wuya gare shi. Da Ladingo ta gani tun da wuri, ruwan ɗumi za ta gasa mata da shi ta tatse, shi ke nan. Mai Kwalli ta san haka. Amma hanya ɗaya ta sani ta kiran mutum, ita ce kukan nan. In ta yi, Nomau daga zaure ba zai tsaya bambance na uwa da na ɗa ba. Ko ma ya bambance, ɗanta bai taɓa jin kukanta ya yi shiru ba. Kuma da kwanaki suka ja abin ya ɓaci, sai wani tsoron ya ƙaru a kan na farko: in suka ga halin da take ciki, ita za su yanka, ɗan da ko ciyawa bai iya ci ba ya rasa nono. Don haka duk lokacin da ta ji takun Ladingo, sai ta kwanta a kan gefen nan mai ciwo, ta ɗaga kai tana tuƙa kamar lafiyarta ƙalau. Ku tuna yadda kuke yi in an taɓa muku maruru, sannan ku auna.

Ranar kwana bakwai Ladingo ta kwance ɗorin, don ɗan rago yana girma ne kullum, ɗaurin da ya yi daidai a makon jiya ya matse a na yau. Ta ga kumburi ya saɓe. Ta sake shafa mai, ta sa sabuwar auduga, ta ɗaure. Ta shafa kan Mai Kwalli ta ce, “Ke kuwa kin iya jinya. Dubi yadda kika rame.” Hankalinta duk yana kan ƙafar, ga aikin kaka ya sha mata kai, ba ta ce mata tashi in gani ba.

Akwai wata tsohuwar akuya a gidan, mai baki kamar ku. Ita ce ta fara ganewa, don ta leƙo ta ƙasan zana wata rana da azahar ta ga Mai Kwalli a tsaye tana ba da nono, ƙafafunta suna karkarwa.

Ta ce, “Wayyo, 'yar uwa! Mene ne wannan a jikinki? Ai ya fara baƙi! Yi ihu mana a zo!”

“Rufa mini asiri, yi magana a hankali. Saura kwana tara.”

“Kwana tara? Wa ya gaya miki za ki kai? To in ke ba za ki yi ba, ni bari in yi miki.”

Akuya ta fita tsakar gida ta buɗe maƙogwaro. Ta yi ihu, ta ruga bakin lungu, ta dawo, ta sake yi. Allah sarki, da zuciya ɗaya ta yi. Amma wa zai kula da ihun akuya? Wadda in ta ga kwano tana ihu, in an ɗauke kwanon tana ihu. Ladingo ta leƙo daga madafa ta ce, “Ke dai ba kya gajiya,” ta jefe ta da totuwa. Akuya ta dawo kunne a saɓule.

Ta ce, “Na yi iyakar yina.”

Mai Kwalli ta ce, “Na gode. Abu ɗaya nake roƙonki. In ta Allah ta kasance, kina da sauran nono, kada ki hana shi.”

Akuya ta dubi ɗan ragon. Ta gyaɗa kai ta tafi.

Ranar kwana goma sha huɗu aka sake ɗauri. Ɗan ragon ya fara tashi da ƙafa uku, yana ɗan taɓa ƙasa da ta huɗun. Ya fara tsintar ganyen harawa daga bakin uwarsa. Yanzu da yake tsaye yana iya kaiwa ɗaya nonon, amma da ya kai baki sai ta ture shi, don abin da ke ciki ya daina zama nono. Ya tambaye ta dalili, ta ce wannan gefen ya ƙafe. Ya ce, “Inna, ina jin ki kina tauna haƙora. Ke ma ƙafarki ce?” Ta ce, “Taya ka nake yi.” Ya yarda, don yaro ne.

Nomau kuwa ya fara sakin fuska. Yakan zo har bakin zana ya tsaya yana kallo, ya ce, “Ikon Allah. Ladingo, ashe dai abin naku a jini yake.” Har dusa ya riƙa ƙarowa da hannunsa. Mai Kwalli takan dube shi ba tare da ƙiyayya ba. Ta san in ya ji kukan zai yanka ne yana hawaye, kuma wannan bai rage kaifin wuƙar da komai ba.

Ta ƙirga kwanakin da fitowar rana. Sha bakwai. Sha takwas. Abinci ya daina shiga. Sanyi yake kama ta da tsakar rana. Idan ɗan ya kama nonon mai lafiya yana tunkuɗa da kai yadda 'yan raguna suke yi, zafin yakan tafi har cikin idonta, ta ga duhu, ta gurza haƙora har sai ya ƙoshi. Abin da take gaya wa kanta kullum ɗaya ne: ya ƙara kwana ɗaya da nono a cikinsa.

Ranar kwana ashirin, da la'asar, Ladingo ta shigo da ruwa a ƙwarya. Mai Kwalli ta ji takunta, ta so ta gyara kwanciya ta rufe gefen kamar kullum, jiki ya ƙi. Ta yunƙura, ta faɗi a ɗaya gefen. Hantsar ta fito fili, rabi baƙi ƙirin, sanyi ƙalau. Ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Ladingo.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Maigida! Maigida, zo ka gani!”

Nomau ya zo ya tsuguna ya taɓa. Ya ɗaga fatar idonta ya duba.

Ladingo tana kuka tana cewa, “Tun yaushe? Kullum ina nan, kullum ina shafa kanta. Me ya sa ba ta yi kuka ba? Da ta yi kuka ai da na duba!”

Nomau ya ce a hankali, “Wannan ba ta kai magariba. Kawo mini wuƙa, kada ta tafi a banza.” Ya dubi ɗan ragon da ke tsaye a jikin katanga yana kallonsu, ya ce, “Ba a gabansa ba. Kama mini mu kai ta bayan danga.”

Suka ɗaga ta, shi da ƙafafun gaba, ita da na baya. Mai Kwalli ba ta ji tsoro yadda ta zata ba. Gajiya ce ta fi yawa. Amma da aka zo wucewa da ita ta ga ɗanta ya biyo da ɗingishi, ya ɗaga kai, maƙogwaronsa yana motsi. Ta ga kukan kwana ashirin ya taru ya taho masa gaba ɗaya. Ta so ƙwarai ta ce masa ya yi. Babu abin da take so a duniya a wannan lokacin kamar ta ji ɗanta ya yi mata kuka, ita ma ta yi masa, su rabu yadda uwa da ɗa suke rabuwa. Sai ta tuna kara yana ƙafarsa har yanzu, saura kwana ɗaya a alkawari, ga wuƙa an riga an fito da ita, ga mutumin da zuciyarsa ta riga ta karye, wanda ba zai iya jure kuka na biyu ba.

Ta tattara abin da ya rage mata na murya ta ce, “Ba yanzu ba, ɗana.”

Ya rufe baki. Ya sunkuyar da kai.

A bayan danga suka kwantar da ita ta fuskanci gabas. Dangar kara ce, ko tari aka yi ana ji daga ciki. Ta san yana nan ya kasa kunne, kuma ta san in sauti ya fita daga bakinta nasa zai biyo. Nomau ya shafa wuyanta, ya ce ta yafe masa, ya yi bismilla. Mai Kwalli ta haɗa haƙoranta. Ita ce tunkiya ta farko a duniya da aka yanka ba ta ce komai ba.

Washegari da safe Ladingo ta kwance ɗorin, idanunta a kumbure. Ƙafar ta miƙe sambal, sai ɗan tudu a inda ƙashin ya haɗe. Ɗan ragon ya taka, ya sake takawa, ya zagaya tsakar gida. Bai yi tsalle ba. Ya je bakin danga ya tsaya. Akuya ta zo ta tsaya kusa da shi ta buɗe ƙafafu, ya daɗe kafin ya kama nonon. Ladingo ba ta ci naman ba, Nomau ma ya ce a rabar wa maƙwabta. Daga shekarar nan labari ya bazu cewa ana yi wa ɗan rago ɗori ya warke, mutane suka daina gaggawar wasa wuƙa don ƙafa ta karye.

Ɗan ragon ya girma ya zama rago sosai, mai ƙaho da geza a ƙirji. Ƙaya ta soke shi, kare ya cije shi, an yi masa tsaga a kunne, bai taɓa yin kukan ba. Akuya ta sha ce masa, “Kai, ai an gama. An kwance kara tun tuni. Yi abinka ka huta.” Sai ya ce, “Inna ta ce sai ta ce yanzu.” Da ya haifi nasa, abin da ya koya musu ke nan, su ma suka koya wa nasu, har kukan ya ɓace daga bakin tumaki gaba ɗaya, babu wanda ya san yadda ake yinsa.

Shi ya sa har yau tunkiya ba za ta gaya muku tana ciwo ba. Mai kiwon kirki da ido yake duba ta, da hannu yake lalube, ya ɗaga ta ya duba ƙasa, don in ya jira ta kira shi, gawa zai tarar. Kuma idan kuka ga an karya wa ɗan rago ƙafa ana ja ana ɗaurewa, ko an kai uwarsa bayan danga, ya sunkuyar da kai ya yi tsit, kada wanda ya ce ba ya jin zafi. Ku matsa kusa ku kasa kunne wajen muƙamuƙinsa, za ku ji gurus, gurus. Yana ji sarai. Jira yake a ce masa yanzu, kuma wadda za ta faɗa ba ta dawo ba.